Lakar Dungu a Cikin Siterni

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar da na tsaya a tsakar gidan Baba Haruna ina kallon ana sauke laka daga amalanke, na buɗe bakina na ce, "Allah ya sa albarka." Kun matsa mini in ba ku labari guda kafin in miƙa makullin biro, ofishinmu nan, in koma gida, na kuma san kuna jiran na yadda muka kama masu saran gawo a Yauri. Wancan kowa ya ji shi, har an ƙara masa gishiri. Wannan kuwa ban taɓa ba kowa ba. Ku sababbin zuwa, ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don ba na jin zan iya maimaita shi.

A lokacin ina ajidan a sarbis ɗin gandun daji a nan Matameye. Ga baƙin da ke cikinmu, ajidan yana sama da sarzan, yana ƙasa da kapiten, wato yana da wanda zai aika, yana kuma da wanda zai yi masa tsawa. Mutane in sun ga kakinmu sai su ɗauka itace kaɗai muke tsaro, alhali kifi ma a hannunmu yake. Ni aka taɓa turawa Damagaram na yi horo a kan kiwon kifi, saboda haka duk mai son yin kududdufi a gidansa, wurina ake turo shi. Ƙa'idar ba ta da wuya. Mu je mu duba wurin, mu ga daga ina ruwa zai zo, ta ina gurɓataccen zai fita, kuma akwai inuwa ko babu. In rubuta rapor, wato rahoto, kapiten ya sa hannu, sannan mu taimaka a samo 'ya'yan kifi. Daga nan sai in riƙa leƙawa duk bayan mako biyu har a kwashe.

Baba Haruna aminin mahaifina ne, Allah ya jiƙansu duka. Shi ne sarkin ruwan wani tafki a gefen Dungu, tun ban san hannun damana ba. Ina yaro, in ya zo gidanmu da tarwaɗa a cikin buhu, ni yake ba kan, ya ce in ci in yi wayo. Yashi da ciyawar kacala suka yi ta cin tafkin nan shekara bayan shekara har ya ƙafe, sarkin ruwa ya wayi gari babu ruwan da zai yi wa sarauta. Ya tattara komarsa ya dawo gari wurin 'yarsa Saude, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu a wani gidan aro.

Daminar shekarar ba ta yi kyau ba. Kun san abin da ke biyo bayan irin wannan damina a ƙasarmu, ba sai na faɗa muku ba. Mata su fara raɗe-raɗi a bakin pampo, sai ka ji wance ta sayar da akuya, sai ka wayi gari ɗakinta a kulle, ta ɗauki yara ta yi Arewa, hanyar Aljeriya. Wasu su dawo da kaya, wasu a dawo da su a bayan kamiyo, babbar motar kaya, wasu kuwa ko labarinsu ba a sake ji. Saude ta ce ita ma tafiya za ta yi.

Cikin watan Nuwamba Baba Haruna ya zo biro. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, abin da ya sa na miƙe da sauri kamar an tsikare ni, na ba shi kujerata.

"Isufu," ya ce, "an ce kai ne gwamnati ta sa kula da kifi."

"Haka suka ce, Baba."

"To madalla. Yaron da na koya wa cire ƙaya. Na samu tsohuwar siterni, ina son ka zo ka gani."

Sai da muka hau moto, babur ɗin aiki, ya faɗa mini sauran. Ya roƙi Saude ta ba shi wata biyar. In kifin ya yi, aka sayar, za ta samu jarin da za ta zauna ta riƙa suya a bakin tasha, shi kuma ya sake zuba wani. In bai yi ba, ba zai sake tare ta ba. Ta yarda, ta kuma ba shi akuyoyinta biyu, waɗanda da ma na hanya ne, ya sayar ya sa a aikin.

Siterni ɗin tankin ƙarfe ne na wata tsohuwar motar ɗaukar ruwa, ya daɗe a yashe a bayan wani gareji har kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Na shinshina, na tambaya, na tabbata ruwa kaɗai ya taɓa ɗauka, ba man gazuwal ba, ba maganin fari ba. A nan na yi aikina yadda ya kamata, kuma ina faɗa ne don kada ku ce ban san aikin ba. Na kawo mai walda ya yanke samansa, muka kankare tsatsa kwana uku, muka shafa fenti, muka fasa ƙasansa muka sa tiyo da makulli don fitar da ruwa. Na so a binne rabinsa a ƙasa saboda zafi, mai gidan ya ce ba a yi masa rami a gida. Muka haƙura, muka kafa rumfar zana a kansa. Na rubuta rapor na ce wuri ya yi, sai dai a yi hattara da bazara. Kapiten ya karanta, ya ɗago kai.

"Ajidan, ƙarfe a sarari, a watan Afrilu? Za ka iya?"

"In ana sauya ruwa kullum, za a iya, ranka ya daɗe."

"To ka tabbata ana sauyawa. Kai ka san aikin, ba tsohon ba."

Ya sa hannu. Farkon Disamba muka zuba 'ya'yan tarwaɗa, ƙanana kamar yatsa.

Wata huɗun da suka biyo baya, ban taɓa ganin gida ya canza kamar wannan ba. Baba Haruna, wanda da yake wuni a zaure yana gyangyaɗi, ya koma tashi da asuba yana zagaya siterni, yana yi wa kifin magana. Saude ce ke ɗebo ruwa daga pampo, jarka bayan jarka, ita ke zuwa wurin masu yankan kaji ta karɓo hanji ta dafa musu. Gurɓataccen ruwan da ke fita ta tiyo ta yi masa hanya, ta shuka yakuwa da alayyafo a jikin katanga. Da farko in na zo ba ta cewa komai sai gaisuwa. Cikin Maris, ranar da na sa koma na ɗago guda ɗaya ya cika mini tafi biyu, na ga ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi.

"Yaya Isufu, da gaske za su kai?"

"Saura mako shida, Saude. Ki fara neman kaskon suya."

Ta nema kuwa. Da na dawo na tarar da shi a jingine a bakin ɗakinta, sabo fil.

Sai zafi ya sauko. Zafin Afrilun nan namu da ba ya jin roƙo. Da rana in ka taɓa jikin siterni sai ka janye hannu, kifin su taso sama suna haki. Na ce a riƙa sauya rabin ruwan safe da yamma, a ƙara zana a rumfa, a rage abinci. Da an tsaya a nan, da wuya za su sha amma za su kai. Tarwaɗa ba ta mutuwa da arha.

Ranar wata Alhamis da hantsi na zo leƙawa. A ƙofar gida na ga amalanken jaki, a tsakar gida kuma tulin laka baƙa ƙirin, tana wari irin na ruɓaɓɓen ganye. Dattawan unguwa uku suna zaune a kan tabarma suna kallo, Baba Haruna ya naɗe wando, fuskarsa kamar ranar salla.

"Zo ka gani, ɗana. Daga tafkina na sa aka haƙo ta, daga can ƙasa inda take da danshi. Shekaranjiya na kwana ina tunani, na ce Haruna, ka tsufa ka zama wawa? Kifi yana haki kana kallo?"

Ya bayyana mini, kuma wallahi abin da ya faɗa gaskiya ne, a tafki. In bazara ta yi tsanani ruwa ya ja baya, tarwaɗa ƙasa take yi ta shige cikin laka, a can take samun sanyi har ruwa ya dawo. Shekara arba'in yana lalubo ta da hannu a cikin laka. A ganinsa abin da kifinsa suka rasa ke nan, an sa su a ɗakin ƙarfe babu wurin ɓuya. Zai shimfiɗa musu lakar gidansu.

Ni kuwa na san abin da zai faru, na san shi kamar yunwar cikina. Tafki yana da faɗi, iska tana kaɗa shi, ƙasa tana shanye dattinsa. Siterni tukunya ce. Ka zuba ruɓaɓɓiyar laka a tukunya mai zafi, za ta ci gaba da ruɓewa, ta shanye iskar ruwan, ta saki guba, ta kuma toshe tiyon da shi kaɗai ne numfashin wurin. Wannan shi ne darasin farko da aka koya mana a Damagaram.

Na ce, "Baba, a takarda dai ba a sa laka."

Ya yi dariya, ya juya wurin dattawan. "Kun ji ɗan lakwal, ɗan boko. Isufu, takarda ta taɓa kama kifi?"

Suka yi dariya su ma. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

A nan ne fa. Ina sanye da kaki, da igiyoyina a kafaɗa, da sa hannun kapiten a bayana, amma a tsakar gidan nan ni yaro ne da aka ba kan kifi. Yaya zan dubi aminin ubana a gaban tsaransa in ce masa abin da ya sani shekara arba'in ba shi da amfani a nan? Mutumin da tafkinsa ya tafi, sarautarsa ta tafi, ba abin da ya rage masa sai wannan sanin? Na ji nauyi ya danne mini harshe. Na ce a raina, bari in bari su watse, gobe da sassafe in dawo in same shi shi kaɗai, in lallaɓa shi mu kwashe. Kwana ɗaya ba zai kashe su ba. Na ce, "To Baba, Allah ya sa albarka." Suka amsa da amin.

Da zan fita na ga Saude a bakin murhu. Ta bi ni da ido. Na yi tunanin in ja ta gefe in ce ta hana, sai na ga ai wannan ya fi muni, in sa 'ya ta ƙaryata ubanta. Na gaishe ta na hau moto.

Ina isa biro na tarar kapiten yana nemana. Rikici ya tashi a Tsauni tsakanin manoma da makiyaya a kan sassaben gawo, har an fara zare sanduna, ni da sarzan ɗaya za mu tafi yanzu, ba mu dawowa sai an sasanta. Ban ce masa ina da siterni da ke jirana ba, don in na faɗa sai na faɗi cewa na ga laka na yi shiru. A Tsauni ina da waya a aljihu, ina da lambar Saude. Sau nawa na ciro ta na mayar, ni kaɗai na sani. Kullum sai in ce irin wannan magana ba a yi wa babba ita ta waya. Muka yi kwana huɗu.

Litinin da azahar na dawo, ban ko biya biro ba. Tun daga bakin lungu wari ya tare ni, na san an gama.

Baba Haruna yana cikin siterni, ruwa baƙi har cinyarsa. Kifin suna yawo a sama, cikinsu fari a kumbure, ƙudaje sun rufe rumfar. Ya sunkuya ya zura hannuwansa biyu cikin lakar yana lalube, yadda ya saba yi a tafkinsa, yana neman waɗanda suka ɓuya. Ya ɗago ɗaya, ya duba, ya ajiye a gefe. Ya sake zurawa. Tun Asabar tiyo ya toshe, suka yi ta zura sanda bai buɗe ba, suka koma kwasa da bokiti, ina bokiti zai kai? Daren Lahadi kifin suka fara juyewa, kafin rana ta take babu mai motsi. Ko na banda ba a samu ba, zafi ya riga ya lalata su.

"Akwai saura a ƙasa," ya ce, bai dube ni ba. "Suna nan. Tarwaɗa ba ta mutuwa a laka."

Babu saura. Na tuɓe takalma na shiga na kama shi, na fito da shi.

Saude tana tsaye a jikin katanga kusa da yakuwarta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta jira har na zaunar da tsohon a zaure na dawo, sannan ta yi magana a hankali yadda ba zai ji ba.

"Yaya Isufu, ran Alhamis na ga fuskarka. Ka sani?"

Na so in ce zafi ne. Na ce, "Na sani."

"Ka sani ka tafi."

"Na ji nauyinsa, Saude. A gaban mutane ne."

Ta ce, "Shi ka ji nauyinsa. Ni da yaran nan ba mu da nauyi ke nan."

Ta juya ta shige ɗakinta.

Na je wurin kapiten na roƙa a sake ba su 'ya'yan kifi, ya ce sai bayan damina. Na je wurin Saude na ce ta jira, zan ɗauki abincin gidan a wuyana har lokacin. Ta ce ta gode, amma wata biyar aka roƙa, wata biyar ta bayar. Baba Haruna bai tare ta ba, mutum ne mai cika alkawari. Ta sayar da kaskon suyar da ba a taɓa ɗora shi a wuta ba. Bayan mako biyu ta ɗauki yaran ta bi ayarin wasu mata. Ta kira sau ɗaya daga Agadas, ta ce sun isa lafiya, jibi za su wuce. Wannan ita ce muryarta ta ƙarshe da wani ya ji a garin nan. Mun tambayi duk wadda ta dawo, wata ta ce ta gan ta, wata ta ce ba ita ba ce. Shekara shida ke nan.

A rapor na rubuta cewa tsananin zafi ne ya kashe kifin. Kapiten ya ce, "Ai na faɗa maka," ya sa hannu. Takardar tana nan a kabad na biyu, duk mai so ya je ya karanta ƙaryata da hatimin gwamnati a kanta.

Na ɗauko Baba Haruna na kawo shi gidana, ya yi shekara biyu a ɗakin zaurena. Bai sake ambaton kifi ba, in an dafa ma ba ya ci. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya ɗaga kai. Da ciwon ajalinsa ya kama shi, wata rana da la'asar ina ba shi kunu, sai ya riƙe mini hannu.

"Isufu, lakar ce ko?"

Na ce, "Ƙaddara ce, Baba."

Ya yi murmushi, irin wanda ban so in sake gani a fuskar kowa. "Har yanzu kunyata kake ji. Da ka faɗa mini ran nan, da na zage ka, da na ce uwarka ba ta yi tarbiyya ba. In kwana ina fushi. Da safe in kwashe lakata." Ya saki hannuna. "Zagin tsoho kwana nawa yake yi, ɗana?"

Bayan kwana tara muka kai shi makwancinsa.

To, ga abin da zan bar muku, ba shi kuma da daɗi. Aikin nan namu ba da itace da kifi muke yin sa ba, da mutanenmu muke yi, kuma mutanenmu iyayenmu ne. Za a tura ku ƙauyen da kowane tsoho ya san kakanku. Za ku ga kuskure a hannun wanda ya goya ku, a gaban jama'a, tarbiyyar da aka yi muku ta ce ku sunkuyar da kai. Ban ce ku zubar da ita ba, ni ma ban san yadda ake zama mutum ba tare da ita ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku durƙusa in kuna so, ku tuɓe hula, ku ce Baba ka gafarce ni, sannan ku faɗa, a ranar, a wurin, kafin a sauke amalanke. Ku duba bayan tsohon kuma, kullum akwai wata a tsaye a bakin murhu wadda ita za ta biya kuɗin shirunku.

Ban sani ba ko za ku iya. Ni an koya mini, na ci jarrabawa, na sa kaki, ban iya ba.

Siterni ɗin yana nan a gidan, masu gidan na yanzu suna zuba gawayi a ciki. Hanyata ce ta zuwa masallacin Juma'a, amma shekara shida ke nan ina zagayawa ta bayan kasuwa. Ga makullin, sarzan. Karɓi.